Sati Ukun da Odessa Lanier Ta Roƙa

Na fara ganin Odessa Lanier a shekarar 1981, a wani fili can bayan Lancaster, inda ake ɗaukar wani fim na talabijin a kan direbobin manyan motoci. Ni ne mai ɗaukar sauti, sunana Ruben Salcido. Ranar nan janareto ya mutu tun ƙarfe tara na safe, muka tsaya mu wajen sittin cikin rana muna kallon juna. Darakta yana ta zage-zage, furodusa kuwa ya shige motarsa ya kunna sanyi ya kulle ƙofa. Sai na ga wata doguwar baƙar mace, da fensir soke a gashinta, ta hau wata tsohuwar akori-kura ta fice. Ba a yi awa guda ba ta dawo, wani manomi na biye da ita a kan tarakta yana janye da janareto.

"Me kika ba shi?" in ji darakta.

"Kujera. Zai zauna a shagon abincin nan a fitowa ta goma sha biyu, yana cin ƙwai."

"Wa ya ba ki izini?"

"Kai mana. Yanzun nan za ka ba ni."

A lokacin ƙaramar ma'aikaciya ce a ofishin tsara aiki, shekarunta talatin da biyu. Daga ranar na ƙudura cewa duk inda matar nan ta nufa zan bi ta, kuma na bi ta har shekara ashirin da takwas.

A Shreveport aka haife ta. Tana da shekara takwas iyayenta suka kwaso su zuwa Los Angeles, suka zauna a Inglewood. Babanta makanikin motocin bas ne na gari, mamarta tana gyaran gashi a ɗakin girkinsu. Odessa ta koyi buga keken rubutu a sakandare, da shi ta samu aiki a wani kamfanin fim a Burbank, tana buga labaran da marubuta suka kawo. Su goma sha huɗu ne a ɗakin, duk mata. Sauran suna bugawa su miƙa, ita kuwa tana bugawa tana tambayar kanta: wannan dokin da aka rubuta, wa zai kawo shi? Wannan ruwan sama, daga ina? Ta fara rubuta irin waɗannan tambayoyi a 'yar takarda tana maƙalawa a bayan labarin. Sau biyu aka ja mata kunne. A na uku wani furodusa ya sauko da kansa yana neman wadda ta rubuta, domin takardarta ta hana shi kwasar mutane zuwa bakin teku a ranar da ruwa zai cinye wurin da za su kafa kyamara. Ya ɗauke ta ta riƙa amsa masa waya. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana hawa a hankali kafin a rubuta mata furodusa a gaban sunanta.

In aka tambaye ta mene ne aikin furodusa, cewa take yi, "Ni ce wadda ake nema in abu ya lalace, a manta da ni in ya gyaru." Ba da ɗaci take faɗa ba, haka take son aikin. Ta yi aure sau ɗaya, da wani mai busa ƙaho, suka rabu bayan shekara huɗu ba tare da faɗa ba. Har ya mutu yana zuwa cin abincin Kirsimeti a gidanta.

Fim ɗaya ta taɓa yi na silima, a 1986, labarin mawaƙan wani coci. Shekara uku tana fafutukarsa. Da ya fito sati ɗaya ya yi aka sauke shi. Mun je kallo tare wata Laraba da rana, muka tarar mu bakwai ne a zauren, ɗaya ma barci yake yi. Da muka fito ta sayi gurguru ta ce, "To, na gani. Mu koma talabijin, can ne ake jiranmu."

A shekarun nan ne kuma babanta ya fara ruɗewa. Mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa ya koma yana ajiye takalmi a firji. Ta dawo da shi gidanta, ta yi jinyarsa shekara uku. Wata safiya ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, ko kin ga 'yata?" Ya rasu a 1989. Sau ɗaya ta ba ni wannan labari, ba ta ƙara ba.

Shekarar da ta biyo baya aka ba ta shirin da ya zama aikin rayuwarta, shiri mai dogon zango a kan wani tsohon alƙali a ƙaramin gari, Alƙali Mabry. Ba shiri ne da 'yan jarida ke yabo ba, amma duk Lahadi da yamma iyalai suna zama su kalla. Mutum ɗari da arba'in ke ci daga gare shi: kafintoci, direbobi, masu fitila, masu ɗinki, masu abinci. Wasu sun yi aure sun haihu suna wannan aiki.

Wanda ke fitowa a alƙalin shi ne Harlan Voss, ƙaton mutum mai farin gashi da murya kamar ganga. A rediyo ya fara, a Milwaukee, sannan ya yi shekaru a dandamali. Abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa manta maganarsa ba. Kowane kashi na shirin yana ƙarewa da dogon jawabin alƙali, shafi biyu, wani lokaci uku, Harlan kuwa ya zuba shi a ɗauka ɗaya ya tashi ya tafi cin abinci. Shi ne ya laƙaba wa kowa suna. Odessa ita ce Janar, ni kuma Kunnuwa.

"Kunnuwa," zai ce min da safe in ina maƙala masa ƙaramin makirufo a ƙarƙashin baƙar rigarsa, "hannunka sanyi kamar na mai wankan gawa."

"Ka yi haƙuri, Mista Voss, gwaji nake yi."

"Ɗan banza. Ni zan je jana'izarka, in yi jawabi, kuma ba zan duba takarda ba."

A zango na takwas, cikin watan Satumba na 1997, yana da shekara saba'in da ɗaya, abin ya fara. Wata rana bayan abincin rana ya kai tsakiyar jawabi ya tsaya. Muka yi dariya, shi ma ya yi, aka sake. Ya sake tsayawa a wuri guda. Sau goma sha tara muka ɗauki fitowar nan. Kwana biyu bayan haka ya kira yarinyar da ke fitowa a akawun kotu da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. A sati na biyu aka neme shi aka rasa, sai wani direba ya tsince shi a bayan ɗakin ajiyar katako, yana tsaye da gudumar alƙali a hannu, bai san hanyar komawa ba.

Na dubi Odessa lokacin da aka shigo da shi. Na ga fuskarta, na kuma san abin da ta tuna.

Da aka tashi ta tara mu duka. "Abin da kuka gani yau, a nan zai tsaya. Duk wanda na ji maganar a bakin matarsa ko mijinta, ko a mashaya, ni da shi ne." Ta sa aka rubuta maganarsa da manyan baƙaƙe a kwalaye aka jera a bayan kyamara. Ta sa marubuta suka gajarta jawaban. Harlan ya ga kwalayen ya yi kamar bai gani ba, ya kuma daina tsokanar kowa. Mutumin da ke cika wuri da surutu ya koma zama shiru a kujerarsa yana kallon hannuwansa.

Ɓoyon ba zai ɗore ba, ita ma ta sani. Akwai takardar da kamfanin inshora ke aikowa, wadda furodusa ke sa wa hannu cewa jarumin shiri lafiyarsa lau. Takardar ta iso, ana so a mayar ranar Juma'a ta sama. In ta sa hannu ta yi ƙarya. In ta faɗi gaskiya, gidan talabijin zai sauya Harlan ko ya rufe shirin gaba ɗaya. Na shiga ofishinta ranar Litinin na ga takardar a kan tebur, ta ɗora mata kofin kofi.

"Za ki sa?" na tambaye ta.

"Ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, Ruben. Na tsufa da koyon sabon abu."

Yanzu sai in faɗi laifina. Makirufon da nake maƙala wa ɗan wasa yana ci gaba da aiki ko ya bar gaban kyamara, kuma ƙa'idar sana'armu ita ce ka rage sautin da zarar an ce kot, wato a tsayar da ɗauka. Wata safiya na manta ban rage ba. Harlan yana cikin motar hutawarsa, wajen ƙarfe bakwai da rabi, sai na ji muryarsa a kunnena yana bitar jawabi. Ba gajeren da aka ba shi ba, tsohon, mai shafi biyu. Ya kai shi ƙarshe ko tuntuɓe bai yi ba. Ya sake daga farko, haka. Na zauna kamar an dasa ni. Washegari da gangan na bar shi a buɗe ina naɗa a kaset, haka ma kwana biyu na gaba. Kullum da safe garau yake. Da an yi abincin rana sai in ji ƙarar kwalaben magani, yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har biyar, yana haɗiya da ruwa. Bayan awa guda harshensa ya yi nauyi, kansa ya kwance. A rana ta huɗu na ji yana magana shi kaɗai, ƙasa-ƙasa: "Ubangiji, kada ka bar ni in ƙare kamar Walter." Na cire abin sauraron daga kunnena, kunya ta rufe ni.

Na je na gaya wa Odessa duka.

"Kwana nawa kana saurarensa?"

"Huɗu."

"Za mu yi wannan maganar. Amma ba da ni za ka fara yin ta ba. Tashi mu je."

Muka same shi a motarsa yana cin tuffa, da sauran rabin awa kafin abinci. Ta tura ni gaba na faɗi abin da na yi. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Ka saurare ni? A ɗakina? Shekara takwas ina barinka kana cusa min hannu a riga, ashe ɓarawo nake kiwo!"

"Na yi laifi, Mista Voss."

"Fita!"

"Ba inda za shi," in ji Odessa. Ta ja kujera ta zauna. "Ka zage shi anjima, ni ma zan taya ka. Ina kwalaben?"

"Ba ruwanki."

"Harlan, wane ne Walter?"

Ya ajiye tuffar. Walter yayansa ne. Ya mutu a gidan kula da tsofaffi bai san matarsa ba, bai san kansa ba. Tun ranar da Harlan ya fara mantuwa ya yanke wa kansa hukunci cewa ciwon gidansu ne ya iso, shi ya sa ya ƙi zuwa asibiti. Ba ya so a faɗa masa.

"In likita ya furta, shi ke nan, Janar. Yanzu ko ba komai ina da safiya."

"Saurara," ta ce. "Na yi jinyar babana shekara uku. Na san ciwon nan kamar tafin hannuna, kuma da na gan ka ranar nan na ce shi ne. Amma babana bai taɓa tashi da safe ya zuba shafi biyu da ka ba. Ban ce ba shi ba ne, ni ba likita ba ce. Cewa na yi ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Kawo kwalaben."

Ya buɗe aljihun tebur. Ba biyar ba ne, tara ne, da na safe da na kwanciya. Ta zazzage kwalin donot ta zuba su ciki, ta buga wa matarsa Corinne waya. A nan muka ji yadda aka yi. Tun bazara gwiwa ta dame shi, likitan ƙashi ya ba shi magani. Wani ya ba shi na fitsari, wani na atishawa. Da ya fara mantuwa hankalinsa ya tashi, wani abokin wasan golf ɗinsa, likita mai ritaya, ya rubuta masa na kwantar da hankali. Babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. Harlan kuma ya tara yawancinsu yana sha da abincin rana don kada su dame shi da safe.

Ranar ba a ƙara ɗaukar komai da shi ba. Odessa ta sa shi a motarta, ita da Corinne, suka kai shi wurin wata likitar tsofaffi a Pasadena. Likitar ta jera kwalaben a tebur ta yi ta girgiza kai. Ta ce zai iya yiwuwa magungunan ne, zai iya yiwuwa kuma akwai wani abu a ƙarƙashinsu. Ba za a sani ba sai an janye su a hankali, kuma hakan zai ɗauki sati uku. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Ranar Juma'a da safe Odessa ta ce in ɗauko kaset biyu, na safe da na yamma, in bi ta gidan talabijin. Ta riga ta nemi izinin Harlan. Cewa ya yi, "Ku kai. Tunda ɓarawon ya sata, ai gara a yi amfani da kayan."

Wanda ke kula da shirinmu a can shi ne Preston Gale, mai shekara talatin da huɗu, mutum mai tsabta da murmushin da ba ya kai wa ido. Ta ajiye masa takardar inshora ba sa hannu, ta gaya masa komai daga farko. Bai yi mamaki ba. Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, sunayen 'yan wasa shida a jere.

"Na ji ƙishin-ƙishin tun satin jiya, Odessa. Ina jiran in ga ko za ki faɗa min."

"Ga shi na faɗa. Ruben, kunna masa."

Na kunna na yamma tukuna, Harlan yana laluben kalma ɗaya kamar mai neman makulli a duhu. Sannan na safe. Muryar ta cika ofishin. Preston ya saurara har ƙarshe yana juya biro.

"Rana ɗaya ce?"

"Rana ɗaya. Awa shida tsakani."

"Me kike so?"

"Sati uku. Alƙali zai tafi kamun kifi, akawu da ɗan sanda za su riƙe kashi biyu. Marubuta sun fara tun jiya. Ba za ka rasa Lahadi ko ɗaya ba."

"In ya dawo yadda yake fa?"

"Ni zan gaya masa da bakina. Sannan in zauna da kai mu duba sunayen nan naka."

Ya dubi takardarsa, ya dube ta. "Kakata ba ta kallon komai sai shirin nan," ya ce. "In na sauya mata alƙali ba za ta ƙara ɗaga wayata ba. Sati uku, Odessa. Ba kwana ashirin da biyu ba."

A cikin lif ta jingina da bango ta lumshe ido. "Ashe yaron yana da kaka," ta ce.

Ban taɓa ganin sati uku masu tsawon waɗannan ba. Muna aiki, amma kujerar alƙali tana nan wayam a tsakiyar kotu, kowa yana kauce wa kallonta. Shugaban kafintoci ya fara tambaya a ɓoye ko akwai aiki a wani shirin. A sati na biyu Corinne ta bugo tana kuka, ta ce abin ya ƙara lalacewa, ba ya barci, hannunsa na rawa, ya yi mata tsawa a kan gishiri. Likita ta ce haka janyewar take, a ƙara haƙuri. Odessa ta ajiye wayar ta ci gaba da duba jadawalin gobe, amma na lura shafi ɗaya take kallo har na fita.

Ranar Laraba ta sati na uku ina ofishinta waya ta yi ƙara. Ta ɗaga, na jiyo muryar Harlan daga inda nake zaune.

"Janar! Wane jahili ne ya rubuta shafi na talatin da ɗaya na sabon labarin nan? A kashi na huɗu na zango na biyu na ce matata ta mutu a watan Maris. Yanzu kun sa ina cewa Oktoba. Sau biyu ta mutu?"

Odessa ta rufe bakin wayar da hannu ta ce in ɗauko mata tsohon labarin daga kabad. Na buɗe. Maris ne. Shekara shida da suka wuce.

"Za a gyara, Alƙali," ta ce.

"A gyara. Kuma ki gaya wa Kunnuwa ban yafe ba."

Ta ajiye wayar a hankali. Ba ta yi murna ba tukuna. "Ƙarfe nawa?" ta tambaye ni. Na ce uku saura kwata. Ta gyaɗa kai. "Da yamma ne," ta ce.

Ranar Litinin ya dawo. Ya rame, rigar alƙali ta yi masa yawa. Na ɗauka za ta lallaɓa shi da ƙananan fitowa da safe, amma da na duba jadawali sai na ga ta sa jawabin ƙarshe, cikakke, shafi biyu da rabi, ƙarfe uku na yamma. Ta kuma sa an kwashe kwalayen.

"Ba ki tausaya masa?" na ce.

"Shi ya roƙa. Ya ce in zai faɗi, ya faɗi a gaban kowa, a gama."

Kafin ƙarfe uku wurin ya cika. Direbobi sun bar motocinsu, masu abinci sun zo da tawul a kafaɗa, Corinne na zaune a gefe ta ƙanƙame jakarta. Preston Gale ya zo ya tsaya a bayan fitilu. Na je maƙala wa Harlan makirufo, ya dubi hannuna.

"Yau kuma zufa," ya ce. "Kai dai ba ka da tsaka-tsaki."

Darakta ya ce akshin, aka fara ɗauka. Jawabin a kan wani yaro ne da ya saci motar maƙwabcinsa don ya kai uwarsa asibiti. Harlan ya fara a hankali, muryar na hawa. Ya wuce shafi na farko. Ya shiga na biyu. Ina bin takardar da yatsa, kalma bayan kalma, babu wadda ta faɗi. Sai ya kai inda alƙali zai yanke hukunci, ya tsaya.

Shiru. Ina jin numfashinsa a kunnena, ina jin ƙarar fitilu. Na ƙirga a zuciyata har shida. Na ga Odessa ta dafe bayan kujerar darakta da hannu biyu. Harlan ya cire tabarau, ya dubi yaron da ke tsaye a gabansa, ya ce, "Je ka gida, ɗana. Ka mayar wa mutumin nan da motarsa, ka cika masa tanki." Ya ƙarasa sauran layi takwas ɗin, ya buga guduma.

"Kot," in ji darakta, da wata irin murya kamar ba tasa ba.

Wurin ya ɓarke. Shugaban kafintoci, ƙato mai gemu, ya rungume mai kwalliya yana kuka. Harlan ya miƙe yana gyara riga kamar ba abin da ya faru.

"Janar, kin ga dakatawar nan? Shekara hamsin ina gyaran ta."

"Ka ƙara yi min irinta," in ji Odessa, "in ban sa mota ta take alƙalin nan a zango na gaba ba, ba sunana Odessa ba."

Preston ya matso ya miƙa mata biro. Ta sa hannu a takardar inshora a kan teburin alƙali, likitar ma ta riga ta aiko da tata shaidar. Sannan ta fita ta ƙofar baya. Na bi ta bayan ɗan lokaci, na same ta zaune a bakin kwalta ta cire takalma, tana dariya hawaye na zuba.

"Ruben, yunwa nake ji. Sati uku ban san ɗanɗanon abinci ba. Je ka wurin mai motar abincin nan ka sayo min tako huɗu, wainar nan mai nama a ciki, a cika yaji."

Ta cinye huɗun a zaune a wurin, ta aike ni na ƙaro biyu.

Maganar laifina ba ta bi iska ba. Ta kafa doka cewa kowane ɗan wasa shi zai riƙa kashe makirufonsa da hannunsa, ta kuma sa ni na tsaya a gaban mutum ɗari da arba'in na bayyana dalili. Harlan ya yi wata guda ba ya yi min magana sai ta bakin wani. "Ku gaya wa Kunnuwa wayar makirufon tana sukana." Ranar Kirsimeti na tarar da akwati a ƙofar gidana, rediyo ne na da, irin na katako, wanda ya fara aiki da irinsa a Milwaukee. Babu wasiƙa a ciki.

Shirin ya ƙara zango uku, aka rufe shi a shekarar 2000, lokacin da Harlan da kansa ya ce gwiwarsa ta gaji. Ya ƙara shekara takwas a duniya, ya mutu da hankalinsa garau, yana gardama da ma'aikaciyar jinya a kan wasan ƙwallo. Odessa ta yi wasu shirye-shirye biyu bayan nan. Ɗaya na yara ne, ya yi shekara biyar. Ɗayan kashi shida aka nuna aka soke shi, ta ce sun kyauta, ita ma ba ta son shi. Sau ɗaya aka sa sunanta a jerin masu neman lambar yabo, ba ta ci ba, ta ce takalman da ta saya don bikin ne kawai suka ba ta haushi. A 2009 ta ajiye aiki, ni ma na ajiye, don ban ga wanda zan iya bi ba bayan ita.

Yanzu tana Oxnard, a wani ƙaramin gida mai bishiyar lemo a baya. Nakan je duk bayan wata biyu. Zuwana na ƙarshe na tarar da ita a falon maƙwabciyarta, Misis Ocampo, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, suna kallon maimaicin Alƙali Mabry da ake sawa da tsakar rana. Odessa ta ce a duk shekarun da ta yi tana shirin ba ta taɓa kallonsa don jin daɗi ba, kuskure kawai take nema. Misis Ocampo ba ta san ko wace ce ke zaune kusa da ita ba, don da an fara rubuta sunaye take tashi ta ɗora shayi.

"Wannan kashin shirme ne," in ji Misis Ocampo. "Ya za a yi alƙali ya tafi kamun kifi ana tsakiyar shari'a? Duk wanda ya tsara wannan bai san aikinsa ba."

"Ko kaɗan," in ji Odessa, ta miƙa min farantin biskit. "Zauna, Ruben, ka tare mana talabijin."